BARGON YARO MARA LAFIYA

Asibiti gidan neman lafiya ne. Babban mutum ya san haka, don haka ko allura ta yi masa zafi sai ya daure, gama ya san abin da ya kawo shi. Amma yaro ɗan shekara uku bai san wannan ba. Iyakar abin da ya sani shi ne an ɗauko shi daga ɗakin uwarsa, an kwantar da shi bisa wani gadon ƙarfe, ga warin magani, ga mutane masu fararen riguna waɗanda bai taɓa gani ba. Wannan ya zo ya lallatsa masa ciki, wancan ya soka masa allura, wata ta ɗura masa abu mai ɗaci. In dare ya yi, sai ya riƙa jin kukan waɗansu yara daga nesa, bai san abin da a ke yi musu ba.

Ciwo biyu ke nan a kan yaro guda, watau wanda ya zo da shi daga gida, da tsoron da ya tarar a nan. Na farkon aikin likita ne. Na biyun kuwa ba a sayar da maganinsa a kwalba. To, cikin wannan ɗan littafi za mu ba ku labarin waɗansu mutane na Amurka da Ingila, galibinsu mata, waɗanda suka ɗora wa kansu aikin rage wa yara wannan tsoro. Ba a biyansu ko anini. Abin da su ke yi shi ne su saƙa barguna, ko su ɗinka da hannunsu, su aika da su asibiti a ba yaran da ba su sani ba, ba kuwa za su taɓa gani ba. Kafin mu kai ga labarinsu, sai mun fara duba yadda aka yi aka gane bargo yana da wani amfani ban da maganin sanyi.

YADDA A KE KWANTAR DA YARA DĀ A INGILA

A zamanin dā, in aka kwantar da yaro a asibitin Ingila, sai a sallami uwarsa ta koma gida. Cikin 1949 an bincika dokokin manyan asibitocin Landan, aka tarar waɗansu ba su barin iyaye su ga 'ya'yansu sai ran Lahadi, sa'a biyu kurum. Wani asibitin ba ya yarda a zo duk cikin watan farko, sai dai iyaye su leƙa da dare sa'ad da yaron ya yi barci. Wani kuma ba a zuwa sam. Masu wannan doka ba mugaye ba ne. Suna tsoron kada baƙi su shigo da cuta, sa'an nan sun lura in uwa ta zo ta tafi sai yaro ya yi ta kuka, in kuwa ba ta zo ba sai ya yi shiru. Suka zaci shirun nan kwanciyar rai ne.

Sai wani mutum, ana ce da shi James Robertson, ya tashi ya ce ba haka ba ne. Cikin 1952 ya fid da wani hoton majigi na wata yarinya 'yar shekara biyu da aka kwantar kwana takwas don a yi mata ɗan ƙaramin aiki. Ya ɗauki hotonta kullum a lokaci guda, don kada a ce ya zaɓi sa'ad da ta ke kuka. Da fari ta yi ta kiran uwarta. Daga baya ta yi shiru, ta zauna tana ƙanƙame da 'yar tsanarta da ɗan bargon da ta zo da su daga gida. Ran da uwar ta zo ɗaukarta, sai yarinya ta riƙa kau da kai, kamar wadda ta daina amincewa da ita. Robertson ya bayyana cewa yaro ya kan fara da kuka, kana ya fid da tsammani, kana ya janye zuciyarsa daga kowa. Ashe shirun da a ke yabo shi ne wurin da ciwon ya fi tsanani.

Likitoci da yawa suka yi fushi da shi da fari. Amma gaskiya ba ta ɓuya. Cikin 1959 wani kwamiti na gwamnatin Ingila, wanda wani babban likita Sir Harry Platt ya shugabanta, ya ba da shawara a bar iyaye su riƙa ganin 'ya'yansu ko yaushe, a kuma yi wa uwayen ƙananan yara wurin kwana kusa da su. An ɗauki shekaru kafin asibitoci duka su bi, amma daga nan al'amari ya juya.

ABIN DA MASANA SUKA GANO GAME DA BARGO

A wannan zamani kuma akwai wani likitan yara a Landan, sunansa Donald Winnicott, wanda ya shekara wajen arba'in yana duban yara da uwayensu. Ya lura yara da yawa su kan zaɓi wani abu mai laushi, ko gefen bargo, ko tsumma, ko 'yar tsana, su liƙe masa, ba su barci sai da shi. Cikin 1951 ya yi wa 'yan'uwansa masana bayani a kan wannan, aka buga bayanin cikin 1953. Ya ce abin nan ya kan tsaya wa yaro a madadin uwa sa'ad da ba ta kusa, kamar gada ce da zai bi ya ƙetare daga jikin uwarsa zuwa ga zama shi kaɗai. Ya kuma ce uwaye masu lura su kan bar abin ya yi dauɗa ba su wanke ba, gama sun san ƙanshinsa da yaron ya saba da shi yana cikin abin da ke kwantar masa da rai.

A Amurka kuwa wani malamin Jami'ar Wisconsin, Harry Harlow, yana kiwon 'ya'yan birai waɗanda aka raba da uwayensu. Ya ga su kan ƙanƙame tsumman da a ke shimfiɗa musu cikin keji, in an zo ɗauka don a wanke sai su yi ta kururuwa. Sai ya ƙera musu uwaye biyu na ƙarya. Ɗaya ta waya ce tsura, amma an ɗaura mata kwalbar madara. Ɗaya kuwa an lulluɓe ta da tawul mai laushi, ba ta da madara. Me ku ke tsammani ya faru? Ɗan biri ya kan je wurin ta wayar ya sha madara, da ya ƙoshi sai ya komo ya manne wa ta tawul, nan zai yini. In an tsorata shi, wurinta ya ke shekawa. Harlow ya ba da wannan labari cikin 1958. Mutanen yanzu suna ƙyamar wahalar da aka ba birai ɗin nan, da gaskiyarsu kuwa, amma abin da aka koya ya tabbata: ɗan ƙaramin mai rai yana bukatar abu mai laushi da zai riƙe, kamar yadda ya ke bukatar abinci.

Wanda ya tashi ƙasar Hausa ba zai yi mamakin wannan ba, gama ya san yadda ɗan goye ke yin shiru da an ja zane an ɗaure shi a baya. Masu bincike sun tarar a ƙasashen da yara ke kwana jikin uwayensu, ba su cika liƙe wa bargo ba kamar 'ya'yan Turawa, waɗanda a kan ware musu gadonsu tun suna jarirai. Amma asibiti ya kan raba kowane yaro da jikin uwarsa, ko da na sa'o'i ne. Uwa ba ta shiga ɗakin fiɗa, tilas kuwa wani lokaci ta koma gida ta dubi sauran 'ya'ya.

MAFARIN ƘUNGIYAR

Akwai wani mai zanen ban dariya a jaridun Amurka, sunansa Charles Schulz. Cikin 1950 ya fara zana labarin waɗansu yara da karensu, a ƙarƙashin suna Peanuts, bai daina ba sai shekarar da ya rasu, watau 2000. Cikin yaran nan akwai wani, Linus, mai hankali da magana irin ta manya, amma tun daga 1954 ba a cika ganinsa ba sai da ɗan bargonsa a kafaɗa, yana tsotson yatsa. Amurka duk an san Linus da bargonsa, yaro da babba.

Ran 24 ga watan Disamba 1995, wata mujalla mai suna Parade ta buga labarin waɗansu yara marasa lafiya. A cikinsu akwai wata yarinya 'yar shekara uku mai sankarar jini, wadda ta fi shekara biyu ana ɗura mata magani mai tsananin ƙarfi, irin wanda ke sa amai da zubar gashi. Aka ce duk sa'ad da za ta asibiti da ɗan bargonta ta ke tafiya, shi ya taimake ta daurewa. Wata mace a jihar Kolorado, Karen Loucks, ta karanta wannan. Ita ba likita ba ce, amma ta iya saƙa. Sai ta ce a ranta, ai akwai yara da yawa da ba su da irin wannan bargo. Ta shiga yin barguna tana kai wa wurin da a ke jiyyar yara masu ciwon daji a birnin Denver, ta kuma nemi waɗansu su taya ta. Aka sa wa aikin suna Project Linus, don tunawa da yaron nan na cikin zane.

Cikin watan Afrilu 1999 wani mugun abu ya auku a wata makaranta mai suna Columbine kusa da Denver, inda waɗansu 'yan makaranta biyu suka harbe 'yan'uwansu da malami guda. Masu barguna suka kai wa yaran da suka tsira, ko da ya ke yawancinsu samari ne da 'yan mata, ba jarirai ba. Yanzu ban da asibiti a kan kai wa yaran da gobara ko ambaliya ta raba da gidajensu, da marayu, da waɗanda hukuma ta karɓe daga gidan da a ke cutarsu, tun daga jariri har ɗan shekara 18. Cikin 2000 aikin ya ƙetare teku ya kafu a Ingila. A Amurka ƙungiyar tana da rassa cikin jihohin nan duka 50, bargunan da ta raba kuwa sun haura miliyan 9. Da yayyafi kogi kan cika.

YADDA A KE YIN BARGON

Hanya huɗu ce aka fi bi. Ta fari saƙa da kibiyoyi biyu da zaren ulu, irin yadda a ke saƙa rigar sanyi. Ta biyu saƙa da kwarashi. Mai wannan ta kan saƙa 'yan murabba'ai ƙanana da yawa, sa'an nan ta harhaɗa su su zama bargo guda. Amfanin haka shi ne ko mutum goma na iya tarayya a bargo ɗaya, kowa ya kawo nasa yanki, har tsohuwar da hannunta ba ya jure aiki mai tsawo.

Ta uku ita ce ɗinkin haɗe-haɗe, wanda matan Amurka suka gada tun kaka da kakanni. A kan yanyanka ƙyallayen auduga masu launi iri iri, a jera su bisa tsari, a ɗinke su zama fuskar bargo. Sa'an nan a shimfiɗa wani yadi a ƙasa, a sa auduga mai laushi a tsakani, a ɗora fuskar a bisa, a bi duka ukun da ɗinki, da hannu ko da keke, don kada audugar ta dunƙule in an wanke. Daga ƙarshe a naɗe baki. Wannan ya fi sauran cin lokaci, ya kan ɗauki mako da makonni.

Ta huɗu ba ta bukatar allura ko kaɗan. Akwai wani yadi mai laushi kamar gashin ɗan rago, wanda bakinsa ba ya warwarewa in an yanka. Sai a sa almakashi a tsattsaga gefensa ya yi geza, a bi a ƙulla. 'Yan makaranta da waɗanda ba su iya ɗinki ba da wannan su kan fara.

Girman bargo ya danganta da mai shi. Na jariri ya kan yi kamar inci 36 kowane gefe, watau yadi guda. Na saurayi ko budurwa ya kan kusa yadi biyu a tsawo. A nan akwai wani abin lura. Masu saƙa sun fi son yin na jarirai, don yana da saurin gamawa, ga ban sha'awa. Saboda haka rassa da yawa su kan yi kukan ƙarancin na manyan yara, tun ba maza ba. Yaro ɗan shekara 15 ba zai so a ba shi bargo mai zanen 'yan agwagi ba, alhali kuwa shi ma in dare ya yi tsoro ya ke ji, sai dai kunya ta hana shi faɗi.

DOKOKIN DA BA A KARYAWA

Kyakkyawan nufi kaɗai bai isa ba, gama kyauta na iya zama cuta in mai yinta bai san halin wanda za a ba ba. Don haka aka kafa dokoki, kowace kuwa da dalilinta.

Lalle bargo ya zama sabo, wanda ba a taɓa rufa da shi ba. Maganin ciwon daji ya kan rage fararen ƙwayoyin jini, su ne dakarun da ke yaƙi da cuta cikin jiki. Ƙwayar cutar da ba za ta ko sa mai lafiya atishawa ba, tana iya kwantar da irin wannan yaro, har ta kai shi ga halaka.

Lalle ya zama mai jure wanki, don a asibiti a kan yi amai, a kan zub da magani, a kan wanke da ruwan zafi. Saboda haka an fi son auduga da zaren ulu na kanti irin wanda ba ya tsukewa.

Ba a karɓar bargon da ke warin taba, ko mai gashin kare ko na kyanwa, ko wanda aka fesa wa turare, gama waɗannan su kan ta da fuka, watau asma. Ba a sa maɓalli ko duwatsun ado, don yaro na iya ciro su ya haɗiye. Kafin bargo ya fita kuma sai an shafa shi da tafin hannu daga wannan baki zuwa wancan, ko mai ɗinki ta manta allura a ciki.

BAKWAINI

Jaririn da aka haifa watanninsa ba su cika ba, shi ne ya fi kowa wuyar sha'ani. Ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi, don haka a kan sa shi cikin akwatin gilas mai ɗumi, wanda mu ke kira kwalba. Galibi ba a lulluɓe shi da bargon a ciki. Bisa kwalbar a ke shimfiɗa shi, ya tare hasken fitila, ɗan wurin ya yi duhu kamar cikin uwa, jariri ya sami barci. In za a yi masa abin da zai taɓa jikinsa, sai saƙar ta zama matsattsiya, don kada 'yan yatsunsa ko robar da aka sa masa a hanci su sarƙe cikin rami. Likitocin yara na Amurka kuwa suna gargaɗi kada a bar sakakken bargo cikin gadon jaririn da bai shekara ba sa'ad da ya ke barci, kada ya rufe masa hanci.

A asibitocin Ingila akwai wata dabara. A kan saƙa 'yan ƙyallaye biyu, kowane bai fi tafin hannu ba. Uwa ta sa ɗaya cikin rigarta, a ajiye ɗaya kusa da jariri, bayan sa'o'i a musanya. Jariri ya ji ƙanshin uwarsa, uwa kuma ta tafi gida da ƙanshin ɗanta, ko da ya ke ba ta sami damar goya shi ba tukuna.

DAGA HANNUN MAI SAƘA ZUWA GADON YARO

Kowane reshe yana da mai kula da shi, shi ma ɗan sa kai ne. Masu saƙa su kan ajiye abin da suka gama a wani wuri da aka shirya, yawanci kantin sayar da yadi da zare. Mai kula ya tattara, ya duba ɗaya ɗaya, a ɗinka wa kowane ɗan ƙyalle mai sunan ƙungiya, kana a kai asibiti. Ma'aikatan jiyya su ke rabawa, don su suka san wanda ya fi bukata. Inda hali ya yi, a kan kawo uku ko huɗu a ce yaro ya zaɓa. Kada ku raina wannan. Tun da ya shigo ba a tambaye shi abin da ya ke so ba, an zaɓar masa riga, an zaɓar masa abinci, an zaɓi hannun da za a soka. Yau ga abu guda da aka ce ya zaɓa da kansa, in an sallame shi kuwa da shi zai tafi gida, ya zama nasa har abada.

Kowace shekara, ran Asabar ta uku ga watan Fabrairu, rassa su kan kira gayya. Mutane su taru a makaranta ko wani babban zaure, kowa da kekensa ko kwarashinsa, waɗansu na yanka, waɗansu na ɗinki, tsofaffi na koya wa yara. Masu aikin su ma suna samun rabonsu. Da yawa daga cikinsu tsofaffi ne da 'ya'yansu suka watse, waɗansu kuma iyaye ne da aka taɓa ba ɗansu irin wannan bargo. A cikinsu har da waɗanda ɗan bai tashi ba, suka koma gida da bargon kaɗai, suka adana shi.

Bargo dai ba ya kashe ƙwayar cuta, ba ya ɗora karaya, ba ya kuwa zama uwa. Masu yinsa ba su taɓa cewa yana yi ba. Amma yaron da hankalinsa ya kwanta ya fi saurin barci, ya fi yarda a duba shi, ma'aikaciyar jiyya ba sai ta danne shi ba kafin ta sami jijiya. Uwar da ke zaune bakin gado kuma, in ta dubi ɗinkin nan ta ga yawan kwanakin da wata baƙuwa ta ɓatar saboda ɗanta, ta san ba ita kaɗai ke ɗauke da wannan kaya ba.

Duk wanda wannan labari ya ba sha'awa, har ya yi nufin yin irinsa a garinsu, to, kada ya fara da sayen zare. Ya fara zuwa wurin shugabar masu jiyya ta ɗakin yara, ya tambaye ta abin da su ke bukata, da girmansa, da irin yadin da su ke yarda da shi, gama abin da ya dace da ƙasar sanyi ba lalle ya dace da ƙasar zafi ba. In ta faɗa masa, sa'an nan ya koma gida ya nemi abokan gayya.